Lema a Kan Darbejiya

Ku da kuka zo jiya sanye da fararen riguna masu hoton ganye a ƙirji, kuka ce in koya muku dashen bishiya kafin la'asar saboda kuna da wani taron, ku zauna ku karanta wannan. Rubutawa na yi don na gaji da maimaitawa, kuma in na faɗa da baki sai ku ce ina da faɗa. Ina da faɗan. Amma ba shi ya tara mu ba.

Sunana Ummi. A Galtimari nake renon dashe tun da na gama sakandare, a wurin Ya Falmata, tsohuwar da kuka gani tana tari a bakin randa, kuka gaishe ta a tsaye. Ita ce mai wurin. Gobe in kun zo ku durƙusa.

Aikin farko da ta ba ni tsintar leda ne. Na zo da littafi da biro ina jiran a faɗa mini sunayen itatuwa, sai ta miƙo mini buhu ta ce in hau keke zuwa bakin Kasuwar Litinin in ciko shi da ledar fiya wata. Ba kowace leda ba. Wadda aka huda da haƙori a kusurwa ake so, ba wadda mai jin haushi ya yage ba. A yanke bakinta da reza, a huda gindinta da ƙusa, sannan a cika ta da haɗin yashi da ƙasar gona da takin da ya ruɓe. In kika dunƙule haɗin a hannu ya tsaya, kika taɓa shi da yatsa ya watse, to ya yi. Sabon taki kuwa ƙona tsiro yake yi, kada wani ya zo mini da shi yana murmushi kamar ya kawo tsaraba.

Irin darbejiya a ƙarƙashin bishiyar da jemagu ke kwana ake tsinta, don sun riga sun tsotse naman sun bar ƙwallon tas. Ba ya ajiyuwa. Yau kin tsinta, gobe ki shuka. Ban ruwa da gwangwanin madara ake yi, wanda aka huda gindinsa, safe da yamma, ban da tsakar rana. Ranar da na fara, na kamfato bokiti na sheƙa wa layi guda, ƙasar ta fice daga leda, irin ya yi iyo. Ya Falmata ta dube ni ta ce, "Shayar da shi na ce ki yi. Ban ce ki yi masa wankan jego ba." Sannan akwai ɗaga ledoji lokaci-lokaci a sauya musu mazauni, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Wannan aikin shi ke cin baya. Ba a ɗaukar hotonsa.

Masu saye kala-kala ne. Akwai mai son mangwaron da zai sha baɗi. Akwai wani Alhaji da ya ce yana son bishiya mai inuwa, amma kada ta zubar da ganye, kada ta tara tsuntsaye, kada saiwarta ta taɓa masa katanga. Na ce, "Alhaji, rumfar kwano kake nema, masu walda suna gaba." Akwai kuma masu taro, waɗanda suke kwasar dashe cikin mota, su binne shi da ledarsa, su yi tafi, su tafi. Ɗaya daga cikinsu har aron babban dashe ya nema, wai a ɗauki hoto da shi a dawo mana da abinmu da yamma.

Yanzu ga abin da ya sa na shiga wannan harka taku ta fafutuka, ni da ba na son taro.

A bayan wurin renonmu akwai fili. Da can wurin shan iska ne da shanyar kuɓewa. Da aka gina sabuwar unguwa a kan tudu, mai dogayen katanga, sai masu baro suka fara kwaso sharar can suna juyewa a filin nan. Ku lura, itatuwan da suka yi layi a titin unguwar nan daga hannunmu suka fita. Inuwa ta tafi can, shara ta dawo ƙofarmu. In ta taru a cinna mata wuta, hayaƙin roba ya kwanta a kan dashe, ganye ya nannaɗe, Ya Falmata ta kama tarin da har yau bai sake ta ba. Daga baya na ji 'yan jami'a suna da dogon suna ga wannan abu, wai rashin adalcin muhalli. Mu a nan wari muke ce masa.

Shekarar da ruwa ya shigo gari ita ce muguwar shekararmu. Ba zan ba ku labarinta ba, kowa a garin nan yana da nasa. Abin da ya shafi sana'a shi ne, ko leda ɗaya ba ta tsira ba. Da muka dawo, bolar nan gaba ɗaya ta tashi ta shiga ɗakunan mutane. A ɗakin mahaifiyata na kwashe kwalaben turaren da ba mu taɓa shafawa ba, da kwalayen abincin da ba mu san ɗanɗanonsa ba. Ya Falmata ta tsaya a tsakiyar laka ta ce in filin nan ya sake zama bola, ta bar reno ke nan, ba za ta ƙara cika leda a cikin hayaƙi ba. Ita kuwa in ta bari, ni ma na tashi, don wurin nata ne.

Ana cikin haka Kyari ya ɓullo. Ɗalibi ne dogo, yana da lasifika, yana da abokai masu kwalaye. Ya tara mu muka je wurin Bulama Modu, mai unguwarmu. Ashe mutanen kan tudu sun riga mu. Sun ce za su kewaye filin da bulo a mai da shi bola ta dindindin, wai don tsafta. Bulama ba mugu ba ne, mutum ne mai son kowa ya tashi daga zaurensa yana murmushi. Ya shafa gemu ya ce, "Filin da babu komai a kai, ai shara ce za ta zauna. In kun dasa itatuwa suka rayu har ƙarshen bazara, fili na itatuwa ne. In sun mutu, kada wanda ya zo mini da lasifika."

Dashe da rani hauka ne, da damina ake yi. Amma ba mu da zaɓi. Muka kwashe shara, muka haƙa ramuka, muka nemo dashe daga wurin masu renon da ruwa bai kai musu ba. Kowane rami muka binne masa gorar roba mai huda a gefe don ruwa ya riƙa tsatsa a hankali, muka kewaye shi da ƙayar magarya. Su Kyari suka ɗauki nauyin jido ruwa daga wurin mai moya, wato mai tura kurar ruwa. Sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kyari ya yi jawabi a kan ɗumamar yanayi da hamada mai tahowa. Duk wanda ya ambata a cikin maƙiyanmu babba ne. Bai ambaci akuya ba.

'Yar Gata sunanta. Ja ce, mai faɗin ciki, ƙahonta ɗaya a karye. Ta Hajja Bintu ce, mahaifiyar Bulama, saboda haka ba mai jifanta, ba mai ce mata kul. Washegarin dashe ta shigo filin kamar mai duba aiki. Ta sa ƙahon nan mai lafiya ta janye ƙaya, ta cinye kan dashe, ta matsa gaba. Da ta ƙoshi da ganye ta ƙarasa da cinye kwalin Kyari, wanda aka rubuta a ceci duniya.

Ya Falmata ta ce akwai magani. Akuya ba ta cin ganyen da aka yayyafa wa ruwan kashin awaki. Muka jiƙa, muka dama, muka yayyafa da tsintsiya, fararen riguna suka tashi daga farare. Duk awakin unguwa suka shinshina suka juya. 'Yar Gata ta shinshina, ta yi atishawa, ta ci. Ya Falmata ta ce, "Wannan ta raina kashin wasu. Sai nata."

Kyari ne ya ɗauki kwano. Tun hantsi yake bin akuyar nan lungu-lungu, ita kuwa kamar ta san abin da ake jira, ta ƙi. Ta tsaya ya tsaya. Ta ɗaga wutsiya ya durƙusa, sai ta kaɗe ƙuda ta wuce. Masu shayi suka bar shayi suka bi bayansa suna ba shi shawara. Wani ya ce ya yi mata jawabi da lasifika ko tsoro ya sa ta saki. Sai bayan azahar ta shiga zauren Bulama, ta hau tabarmar baƙi, ta zuba a nan, Bulama yana tsakiyar sasanta rikicin wasu maƙwabta. Kyari ya shiga da rarrafe yana cewa, "Allah ya ba ka nasara, a yi haƙuri, kada a share."

Maganin ya ci. Ta daina cin ganye. Ta koma ɓare ɓawo.

Na ɗauki mayafi na tafi wurin Hajja Bintu da kaina. Na same ta a tsakar gida a kan darduma, hayaƙin turaren wuta yana tashi ta ƙarƙashin zanenta. Na gaishe ta da Barbarcinsu.

"Wushe, Hajja."

"Wushe, 'yar leda. Me aka samu?"

"Hajja, akuyarki ta gama da dashenmu. A taimaka a ɗaure ta."

"Wace akuyar? 'Yar Gata? Akuyar da ke cin burabusko da miya ita ce za ta ci darbejiya mai ɗaci? Ke dai ba ki iya aikinki ba."

Tana faɗin haka akuyar tana kwance a gefenta, reshen darbejiya yana leƙowa ta bakinta. Na nuna. Hajja ta duba ta ce asuwaki take yi. Da na koma wa Bulama sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Ummi, uwa ce. Ke za ki iya ɗaure akuyar uwarki?" Na ce zan iya. Ya ce shi ya sa ba a ba ni unguwa ba.

Rabin dashe ya tafi, bazara ta kawo kai, masu baro sun fara dawowa suna juye shara a gefe-gefe don sun ga alamar inda za a ƙare.

Abin da ya juya lamarin ba ni na ƙirƙiro shi ba, ba Ya Falmata ba, ba Kyari ba. Goggo Dija ce, wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono da man shanu a bakin filin. Rana tana dukanta kullum, sai ta ce in dasa mata guda a daidai inda take ajiye ƙwarya. Na dasa. Kyari yana da ragowar fenti, ya rasa abin yi da shi tun da an cinye kwalayensa, sai ya rubuta sunanta a murfin gwangwani ya rataya a jikin ƙayar. Shi ke nan. Wasa ne.

To kun san Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa su rabu lafiya, wasan ya fi su tsufa. Goggo Dija da Hajja Bintu sun yi shekara da shekaru suna yi. A wani gidan suna Goggo ta tashi a gaban mata ta sanar cewa ita yanzu tana da bishiya mai sunanta a rubuce, in ta girma za ta bar bayinta Barebari su zauna a gefen inuwar, ban da tsakiya.

Ko awa ba a yi ba sai ga Hajja Bintu a wurin reno, da lafaya har ƙasa, tana haki.

"Ke, 'yar leda! A unguwar ɗana ake ba mai tallan nono bishiya, ni ban da ita?"

"Hajja, ba ki tambaya ba."

"Ga shi na tambaya. Wadda ta fi tata tsawo."

"Kansu ɗaya. Wadda ta kula da tata ita za ta fi."

Na dasa mata a kusa da ta Goggo, Kyari ya rataya suna. Kafin la'asar 'Yar Gata ta zo ta wuce ta Goggo Dija, don Goggo tana zaune da muciya a hannu, ta tsaya a kan ta Hajja ta aske ta tas. Goggo ta yi dariya har ƙwaryarta ta kusa kifewa. Ta aika a gaya wa Hajja cewa ko dabbar gidanta ta san wadda ta cancanci inuwa.

Abin da jawabi bai yi ba, da ƙaya, da kwanon Kyari, wannan saƙo ya yi shi. Unguwa ta ga Hajja Bintu da idonta tana jan 'Yar Gata da kunne, tana zazzaga mata Barbarci, har gida. Ta ɗaure ta a jikin turmi. Washegari da sassafe ta zo a sake mata dashe, ta taho da tabarma.

Daga nan tsofaffin matan unguwa suka yi mana ca. Kowace tana son tata, da sunanta, kuma kada a sa ta kusa da wance. Sai aikina ya koma raba faɗa da hana kirki ya yi yawa. Wata tana zuba wa tata ruwan tsari safe da rana da yamma har saiwa ta fara ruɓewa. Wata ta ɗaura wa tata ƙyalle don maganin baki. Goggo Dija ta ba tata nono, tururuwa suka zo biki. Hajja Bintu na kama da kaskon turaren wuta a gindin dashe, wai kada bishiyarta ta tashi da warin bola kamar ta wasu. Na ce, "Hajja, za ki dafa ta!" Ta ce ba a yi mata tsawa a gaban Bafulatana. Kowace safiya su biyun sai sun auna da kara, sai sun yi musu a kan wadda ta tura karan cikin ƙasa.

Da zafin bazara ya kai inda kuka sani, lokacin da takalmin roba ke laushi a kan titi, Hajja ta zo da lema. Na ɗauka kanta za ta rufe. Ta zauna a rana tsaf, ta riƙe wa dashen. Kafin mako ya zagayo filin ya cika da lemomi, kowace da tsohuwa a gefenta tana gasuwa. Na gaya musu darbejiya tana son rana. Ba wadda ta saurare ni.

Masu baro kuwa, su ma talakawa ne, abinci suke nema. Mutum zai turo kaya ya iske layin iyaye a kan tabarmi. Dole ya gaisa. Goggo ta ce, "Kai ɗan wa ne?" Ya faɗa. Ta ce, "Af, na san uwarka, ni na kai mata man shanu da ta haife ka. A kaina za ka juye ko a kan Hajja?" Sai ya juya da baronsa. Don kada sharar ta koma ƙofar wasu irinmu, su Kyari suka yi ta sintiri kan tudu har mutanen can suka yarda su nemi motar kwasar shara ta kai ta inda aka tanada. Wannan aikin baki ne da haƙuri, ba nawa ba ne. Da ni aka tura da an yi dambe.

Amma maganar bulo tana nan. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Bulama ya zo da wakilin mutanen kan tudu, wani mai gilashi da igiyar awo. Gaskiya abin da ke filin ba daji ba ne. Wasu sun mutu, masu ran kuma ba wadda ta wuce ƙugu. Mai gilashi ya zagaya ya ce, "Bulama, waɗannan ai tsinke ne, ba itatuwa ba. Bola mai katanga ta fi wa kowa." Na ga Bulama ya fara shafa gemu. Na san wannan shafar. Ya Falmata ta kama hannuna ta matse, don ta ga bakina ya buɗe.

Sai aka ji daga ƙarƙashin wata baƙar lema, ba da ƙarfi ba: "Modu."

Ba wanda ke kiransa haka a bainar jama'a. Ya cire takalmi ya je ya durƙusa.

"Wane ne wannan mai igiya?"

"Baƙo ne, Hajja. Awo za a ɗan yi."

"Madalla. Ya zo ya auna tawa da ta wannan matar, a gaban shaidu, da igiyar gaskiya. Na gaji da karan nan nata na ha'inci."

Mai gilashi ya dubi Bulama. Bulama ya dubi ƙasa. Haka mutumin nan ya tsuguna da wandonsa mai guga ya auna darbejiya biyu, tsofaffi sun kewaye shi suna kallon hannunsa. Ta Goggo Dija ta fi da kamar faɗin yatsa.

Goggo ta rangaɗa guɗa. Hajja Bintu ta miƙe tsaye, ta nuna ɗanta da lema ta ce, "Ka ji ko? Da yatsa ɗaya. Ba mai taɓa filin nan sai na wuce ta, ko shekara nawa za a yi. Wanda ya kawo bulo a nan, a kaina zai ɗora." Ta tura masa bokiti da ƙafa. "Tun da ka zo, ba ta ruwa. A hankali, a gindi, kada ka yi mata wankan jego."

Bulama ya naɗe hannun babbar riga ya ba ta ruwa. Goggo ta ce saura tata, ai shi Bulaman kowa ne. Ya ba ta. Mai gilashi ya naɗe igiyarsa, ba wanda ya lura da lokacin da ya tafi. Ya Falmata ta saki hannuna ta ce in je in tsinto leda, damina ta zo.

Itatuwan da kuka tsaya a inuwarsu jiya kuna ɗaukar hoto, su ne. Har yau Hajja ba ta wuce Goggo ba, kuma ni ce mai ba su taki, na san yadda nake rabawa.

Saboda haka in da gaske kuke, ku zo gobe bayan asuba da tsofaffin kaya. Kada ku kawo kwali. Kowa ya taho da buhun leda da kakarsa, in tana da abokiyar faɗa a haɗo da ita. Wanda ya fi gudu a cikinku kuma ya zo da kwano, don 'Yar Gata ta haihu, biyu ne, kuma ba a ɗaure suke ba.